Abin da Kwalin Sabulu Ya Koya Mini Game da Bindigar Iska

Da edita ya ce kowane malami ya kawo rubutu, na san ɗalibaina za su zaci lissafi zan kawo. To, akwai lissafi a ciki, amma da abin kunya zan fara.

Mahaifina ya bar mini bindigar iska ƙirar Diana, ta ƙasar Jamus, irin wadda ake karya ta a tsakiya a ɗana. Ba ta cin albarushi. Waya ce mai naɗi a cikinta take tura iska, iskar kuma ta fitar da ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5, wanda nauyinsa bai wuce kamar rabin giram ba. Da ita muke tsaron gyaɗa daga kurege a gonarmu da ke tsakanin Rano da Kibiya. Jan baki kuwa, idan suka sauka a kan dawa, mai bindigar iska sai dai ya koma gida ya yi addu'a.

A kakar 2021 na hango hasbiya a kan ɗorawa can gefen gona. Ta yi nisa, na kuma san ta yi nisa, amma zuciya ta ce mini ai kai ne. Na auna na harba. Hasbiya ta tashi abinta, sai na ji ƙarar kwano da kukan yarinya a bayan zana. Harsashin ya bi ta ƙarƙashin reshe ya sauka a kan kwanon da 'yar maƙwabcinmu take riƙe da shi. Ubangiji ya kiyaye, kwanon ne kawai ya lotse. Mahaifinta, dattijo Musulmi da muka daɗe muna zaman mutunci, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, ka san inda ka auna. Ka san inda ta tafi?" Ban sami amsa ba, kuma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da hutun Kirsimeti ya zo, na roƙi wani abokin aikina muka tafi wani tsohon kududdufi da ya ƙafe, inda gaɓar ƙasa take tsaye a bayan abin da za a harba. Duwatsun Rano suna da kyaun gani, amma ba a harbi a gabansu, domin dalma takan daki dutse ta dawo. Muka yanka kwalin sabulu, muka ɗiga baƙin tabo a tsakiyar kowane yanki, muka auna mita 10, 20, 30 da 40 da awon tela. A kowane nisa harbi biyar da harsashi mai shafaffen kai, biyar da mai kai kamar ƙwai. Ba mu damu da wanda ya sami tabo ba. Abin da muke aunawa shi ne yadda ramukan biyar suka haɗu ko suka watse.

A mita 10 babu abin faɗa: murfin kwalbar lemo ya rufe ramukan duka, kowane iri. Har na fara ɗaga kafaɗa, sai abokina ya tuna mini cewa a gasar Olimpik, inda aka shigar da bindigar iska a 1984, daga mita 10 ɗin nan ake harbi, kuma tabon da ke kawo maki goma faɗinsa rabin milimita ne. Na sauke kafaɗar.

A mita 20 aka fara rabuwa. Mai kai kamar ƙwai ya tsaya cikin faɗin kwalin ashana, mai shafaffen kai kuwa ya fara yawo. A mita 30 sai da tafin hannu kafin a rufe na farko, na biyu ko tafin hannu bai isa ba, kuma dukansu sun faɗo ƙasa da tabo kamar yatsu uku. A mita 40 biyu daga cikin goma ba su taɓa kwalin ba sam, sauran sun sauka kusan taƙi guda a ƙasa. Da na koma gona na auna daga inda na tsaya ran nan zuwa ɗorawar, mita 43 ne.

Ga lissafin, 'yan aji biyar ku buɗe ido. Harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga, kamar mangwaron da ya tsinke daga reshe. Mu ɗauka yana gudun mita 200 a daƙiƙa. Kafin ya kai mita 10 ya sauka santimita ɗaya da 'yan kai. Amma faɗuwa ba ta bin nisa ɗaya bayan ɗaya: idan lokacin tafiya ya ninka sau biyu, faɗuwa takan ninka sau huɗu, idan sau huɗu ne ta ninka sau goma sha shida. Ƙari a kan haka harsashin yana rage gudu a hanya, domin an yi shi da siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi kamar siket, don iska ta riƙe bayansa kansa ya tsaya gaba. Abin da ke daidaita shi, shi ne kuma yake cinye masa gudu. Mai shafaffen kai ya fi shan wannan wahala, da ma don huda takarda a kusa aka yi shi.

Sai kuma hunturu. Da sassafe da iska take kwance ramukan suna tsakiya, amma wajen ƙarfe goma, da ta taso daga gabas, a mita 30 duka suka karkata gefe guda. Mun kuma lura cewa idan aka ɗora bindigar a kan turmi harbi yakan lalace, idan kuwa aka ɗora ta a kan tafin hannu ba tare da an damƙe ba sai ya gyaru, domin wayar tana girgiza bindigar tun harsashi bai fita ba. Harsashin da gindinsa ya lotse a cikin aljihu kuwa, a zubar kawai.

Akwai abin da nake roƙon iyaye a ikilisiya. Na sha ganin yara suna ajiye harsashin nan a baki don saurin ɗanawa, ni ma na yi haka ina yaro. Dalma guba ce. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa duwatsun zinariya. Kuma bindigar iska ba danƙo ba ce, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ta cikin waɗanda sai da lasisi ake riƙewa.

Ran jajibirin sabuwar shekara na ɗauki kwalayen da sabon kwano na tafi gidan maƙwabcina. Na shimfiɗa su a zaure, na nuna masa na mita 40, na ce, "Baba, ga amsar tambayarka." Ya daɗe yana duba ramukan, ya sa yatsa a cikin ɗaya, sa'an nan ya tambaye ni nawa ne mita 20 a ƙafa. Muka fita waje muka taka tare, taku ashirin da shida ne a tafiyata. Na yi masa alkawari ba zan ƙara wuce haka ba, kuma ba zan harba ta wajen zanarsa ba ko da kuregen yana zaune a kanta. Ya ce in bar masa kwalin mita 40 zai nuna wa samarin gidansa.