Ƙaho Biyu da Tandu Ɗaya

Da babbar sallar da ta wuce, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure bayan la'asar. Ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye a kan damina da tsadar taki, sai can ya fito da abin da ya kawo shi. Wai 'yan sintirin garinsu sun haɗa kuɗi, gardama kuma ta kaure a tsakaninsu. "Kawu, kai da ka tashi a gidan maharba, harsashi nawa ya kamata mutum ya ajiye a gida?" Na yi shiru har ya zaci ban ji ba. Na ji sarai. Tambayar ce ta mayar da ni wani ɗan ɗaki a bayan gidanmu, wanda na yi shekaru ban tuna da warinsa ba.

Garinmu yana kudancin Kano, tsakanin Tudun Wada da dajin Falgore. Baba manomi ne da damina, maharbi da rani. Bindigarsa ta toka ce, wadda ake wa tsiya da suna harba-ka-ruga, don idan ka harba ka kuskure, kafin ka sake ɗuri abin da ka harba ya iso kanka. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da tsinken ƙarfe, a zuba ƙwayoyin dalma, a sake toshewa. Da ita ya kawo mana zabin daji da fakara da zomo, wani lokaci gada. Ranar da ya dawo da gada kuwa, har makwabta sai sun san an yi sa'a.

Duk albarushin da Baba ke ajiyewa na shekara bai wuce ƙaho biyu da tandu ɗaya ba. Bayan kaka, idan an kai amfani rumbu, sai ya sayar da ɗan wake ya sayo. Murfin ƙahon shi ne ma'auni, cikinsa ɗaya ɗuri ɗaya. Idan zai fita daji, bakwai yake aunawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya ƙarawa, ya ce maharbin da ya fita da ɗuri ashirin bai yarda da idonsa ba, kuma wanda ya san abin da ke burgaminsa kaɗan ne ba ya harbin motsin ciyawa. Sai da na girma na gane maganar ta wuce tattali. Motsin ciyawa a dajinmu sau da yawa ɗan Fulani ne yana bin saniya, ko mace tana itace.

Ɗakunan gidanmu duk na jinka ne, in ban da ɗaya. Wannan ɗan ɗakin Baba ya gina shi da hannunsa a can ƙuryar bayan gida, nesa da madafa, ya rufe shi da azara da ƙasa, ya sa masa ƙofar langa-langa da kwaɗo. Makullin yana wuyansa a igiya ɗaya da layarsa. Fitila ba ta shiga ɗakin, mai shan taba ba ya raɓarsa. A ciki ƙahonin suke rataye, ba sa taɓa ƙasa. Bindigar kuma tana turakarsa, dalma tana cikin burgami a wani wurin daban. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, shi sai ya mayar da nasa uku. Bindiga ba ta kwana da ɗuri a gidanmu. Idan ya dawo bai harba ba, a bakin gari yake tsayawa ya sauke ta cikin jigawa, har mutane suka saba: in aka ji ƙara ɗaya da magariba daga yamma, to yau babu nama.

Ina ɗan shekara tara ko goma na yi ɓarnata. Baba ya je alwala ya bar makullin a kan buzu. Na buɗe ɗakin, na ɗebi albarushi a tafin hannu, muka tafi bayan gari da abokaina, na watsa a garwashin da muke gasa gyaɗa. Ban ga komai ba sai fari. Girata ta tafi, gashin goshina ya ƙone, na dawo gida ina warin gashin akuya. Inna ta shafa mini man shanu, ta ɗaura mini hula har ido, ta ce kada in bari ya gan ni da haske. Wahalar banza muka yi. Washegari da asuba ya ɗaga ƙahon, ya girgiza shi a kunnensa, ya auna, ya ce ɗuri ɗaya da rabi ya tafi. Bai dake ni ba. Ya zaunar da ni a gabansa, ya cire hular, ya daɗe yana duban fuskata, sannan ya ce: "Ka ga amfanin ajiye kaɗan. Da buhu gare ni, da sai ranar da ka rasa ido zan san kana ɗiba." Daga ranar makullin bai sake barin wuyansa ba, ko wanka zai yi.

Idan bazara ta matso, hadari ya fara haɗowa daga gabas, Baba yakan ƙarar da abin da ya rage. Albarushi gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai jan danshi, shi ya sa idan ya sha damina sai ya dunƙule, ko ya ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan mutum ya sauke bindiga yana leƙa bakinta. Da yake lokacin ne ake yawan bukukuwa, sai ya ba masu harbin murna a ɗaurin aure ko naɗin sarauta. Ruwan fari yakan samu ƙahonin a wanke, a kife. Yakan ce albarushi baƙo ne, ana karɓarsa da kaka a sallame shi da bazara.

Yana da takardar izini da ya naɗe cikin leda a gafakarsa, tare da tsofaffin rasiɗan haraji da ya ƙi zubarwa ko bayan Gwamna Abubakar Rimi ya soke harajin a 1979. Daga baya na san tushen takardar. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku: akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai irin su mai baki biyu ta farauta, waɗanda izininsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai na ɗuri irin ta Baba, da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ba ta bar harsashi a baya ba, shi ma riƙe shi ba izini laifi ne. Baba bai iya karanta takardar ba, amma ban san wanda ya fi shi kiyaye ta ba.

Baffa, ƙanin Baba, shi ma maharbi ne, gidansa yana jikin namu. Ya fi Baba hannu, kowa ya san haka, sai dai ra'ayinsu a kan ajiya ya sha bamban. A 1983 ruwa ya yi ƙaranci, cuta ta faɗa wa shanu, kaya suka yi ta hawa a kasuwa. Baffa ya sayar da ɗan maraƙinsa, ya tafi birni, ya dawo da albarushi rabin garwa. Na ji gardamarsu a zaure da dare.

"Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin nan baɗi kuɗinsa ninkawa zai yi, in ma an same shi."

"To ina za ka sa shi?"

"Ƙarƙashin gadona. Wa zai shiga?"

"Wuta ba ta sallama," in ji Baba. Ya ce ya kawo garwar ɗakin azara a ajiye masa. Baffa ya yi dariya, ya ce kayan da ya ci maraƙi ba ya kwana inda idonsa ba ya gani.

A watan Janairun 1984, 'yan makonni bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Shehu Shagari, hunturu ya yi tsanani. Wani dare aka bar garwashi a kasko a ɗakin Baffa don ɗumi, aka fita hira. Zani ne ya faɗa ciki ko tabarma ce ta kama, Allah masani. Sai muka ji "Gobara! Gobara!" Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke biyo wannan kira. Gari duka yake fitowa, mai bokiti, mai tulu, mai kwandon ƙasa, samari su hau su yaye jinka kafin ta kama. Sau nawa na ga an kashe wutar da ta fi wannan. Mutane sun iso bakin ɗakin, ruwa a hannu, sai matar Baffa ta ƙwala ihu: "Akwai albarushi a ciki!"

Har yau ina ganin yadda taron nan ya ja da baya kamar an yi musu tsawa. Mazan da ba sa tsoron kura suka ajiye bokiti suka ɗebi 'ya'yansu. Baffa kaɗai ya nufi ƙofar, Baba ya rungume shi ta baya suka faɗi tare. Sannan garwar ta tashi. Jinkar ɗakin ta yi sama tana ci, iskar hunturu ta rarraba ta a kan rumbuna uku, ɗaya na Baffa, biyu na makwabcin da bai taɓa riƙe bindiga ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kunnen Baffa na dama bai sake ji ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Dawar da aka samu da ƙyar a shekarar fari ta kwana tana hayaƙi. Rumbunmu ne ya ciyar da gida uku har kaka, na kuma san yadda tuwon ya ragu a akushi.

Baba bai taɓa yi wa ƙaninsa gori ba. Abin da na ji ya faɗa wa Inna da asubar ranar shi ne, wutar ta bokiti goma ce, garwar ce ta kori masu bokitin. A kan farashi kuwa Baffa ya yi gaskiya, albarushi ya yi tsada baɗin kamar yadda ya ce. Sai dai ba shi da ko ɗuri ɗaya da zai ci ribar hasashensa.

Shekaru goma sha takwas bayan haka, ina zaune da Baba, lokacin ido ya yi rauni, ya daɗe da rataye bindiga, muka ji a rediyo abin da ya faru a Legas. Ranar Lahadi 27 ga Janairu, 2002, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama wuta, bama-bamai suka yi ta fashewa, mutane suka zaci juyin mulki ne ko yaƙi. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu ba wuta ce ta taɓa su ba, gudun tsira ne ya kai su magudanar ruwan Oke-Afa cikin duhu. Baba ya saurara har aka gama, ya yi salati, ya ce: "Garwar ƙanina ce, ta yi girma."

Na san zamanin ɗan ƙanwata daban yake da namu. Mu gada muke bi, su kuwa ana bin su har gida. Abin ya kai a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi izinin riƙe bindiga don kare kansu. Ba zan zauna a zaure mai katanga in raina tsoron wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba. Harsashin zamani kuma ya fi albarushi jure ajiya, ko da yake zafi da danshi suna kashe shi, kuma idan wuta ta same shi ya fara fashewa, babu makwabcin da zai tsaya da bokiti. Akwai ma wata masifar da Baba bai sani ba. A yau labarin cewa gidan wane akwai tarin harsasai ya isa ya jawo masa waɗanda yake gudu, don abin da suka fi nema ke nan.

Saboda haka ban ba yaron lamba ba. Na ce su fara da takarda, duk wanda ba shi da izini kada ƙwaya ɗaya ta kwana a ɗakinsa. Na ce su ajiye abin da mutum ɗaya amintacce zai iya ƙirgawa kowace safiya ya gane in ɗaya ta ɓata, a ɗakin da ba na jinka ba, nesa da murhu da janareto da galan ɗin fetur, a kulle, bindiga kuma a wani wurin. Na ce su sanar da mai unguwa da 'yan sanda abin da ke hannunsu. Ya ce, "Kawu, in ya ƙare mana fa?" Na ce wannan tambayar Baffa ya yi.

Ƙahonin nan biyu suna nan a ɗakina, babu komai a ciki, har yanzu in na buɗe murfi ina jin warin. Kai mai bindiga, kafin ka ƙara sayo ko ɗaya, leƙa inda na jiya suke kwana, ka duba wa ke barci a bayan bangon.