Igiyar da Na Raina

Yau labarin wata igiya zan ba ku, wadda tsawonta bai kai taku biyu ba, amma ta fitar da ni kunya, wataƙila ma ta tsirar da rayukanmu.

A watan Satumba na 2022 aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, ga damina kuma ta yi ƙarfi. Binuwai ya cika ya batse. Mu da ke zaune a wajajen Numan, inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, mun ga ruwa a wuraren da muka saba ganin shinkafa da masara. Akwai wata ruga a ƙetare da ruwa ya yanke wa hanya, da tsofaffi da yara a ciki. Wani bawan Allah ya ba mu aron ƙaramin jirgin roba, irin wanda ake hura wa iska, da injinsa mai ƙarfin doki 15, domin mu kai musu hatsi da gidan sauro da maganin zazzaɓi.

Mu uku ne za mu tafi: ni, da wani dattijo, da wani saurayi daga zumuntarku, ɗan gidan masunta, wanda shi ne zai tuƙa. Muka hura jirgin da famfon ƙafa har ya yi tauri. Nan ma yaron ya tsayar da mu. Ya ce a sa shi a ruwa tukuna a ƙara iska, domin sanyin ruwa yana rage ƙarfin iskar da ke ciki, kuma in jirgi ya yi laushi, katakon bayan da ake ɗora inji a kai sai ya riƙa rawa.

Da aka zo ɗora inji, na ce a bar mini. Na taɓa ganin ana yi, kuma a ganina ba wani abu ba ne: ka ɗaga, ka rataya, ka murɗa sukurori biyu. Injin ya haura kilo 35, dattijon ya kama mini muka saƙala shi. Na murɗa sukurun dama iya ƙarfina, na ɗan taɓa na hagu, na miƙe ina kakkaɓe hannu.

Yaron ya ce, "Baba Fasto, bari in duba."

Na ce, "Na riga na ɗaure. Rana tana yi, mu tafi."

Bai yi mini musu ba, kun san tarbiyyar gidajenmu. Sai ya ciro wata tsohuwar igiya daga aljihu, ya zura ta a hannun injin, ya ɗaure ta gajere a wani zoben ƙarfe da ke jikin katakon. Na ce masa cikin wasa, amma wasan da ke da ƙaya, "Akuya ce za ka ɗaure?" Mutanen da ke bakin ruwa suka yi dariya. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaura jar igiyar kashe inji a wuyan hannunsa, ya miƙa mana rigunan ruwa, ya tayar.

Mun kai wajen tsakiya, inda ruwa ke gudu da ƙarfi yana jan itatuwa da ciyawa, sai ƙafar injin ta bugi wani kututture da ke ƙarƙashi. Na ji ƙara, na waiga, sai ga inji ya yi tsalle ya bar katako. Jar igiyar ta fizge daga jikinsa, ya mutu nan take, farfela ta tsaya. Ya karkace yana lilo a bayan jirgi, kansa bai nutse ba, tsohuwar igiyar nan ce kaɗai ke riƙe da shi. Ruwa ya fara juya mu. Dattijon yana kiran sunan Ubangiji, ni kuwa bakina ya bushe. Da filafili muka lallaɓa har muka kama reshen wata bishiya da ruwa ya ci rabinta.

A ƙarƙashin bishiyar nan na zama ɗalibi. Yaron ya jawo injin, muka taya shi, ya sake ɗorawa yana yi mini bayani a hankali, ba gori ko kaɗan.

Ya nuna mini cewa dole inji ya zauna daidai tsakiyar katako, in ba haka ba jirgi zai riƙa jan gefe ɗaya. Dole ya sauka har ƙasa, ya hau kan katakon sosai, bakunan sukurorin kuma su dafe kan farantin ƙarfen da aka manna domin su. Nawa ya ɗan karkace, na hagu a gefen farantin ya tsaya. Ana murɗa su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, da hannu, har su yi daidai. In an yi tafiyar 'yan mintoci sai a tsaya a sake matsawa, domin girgizar inji tana sassauta su. Ya sa hannuna a ƙasan jirgi, ya nuna mini wani faffaɗan ƙarfe da ke saman farfela: shi ake so ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya ɗan gota ƙasa kaɗan. In ya yi sama, farfela za ta sha iska ta yi ta kuka ba tafiya. In ya yi ƙasa da yawa, ruwa zai riƙa jan sa, ga cin mai, ga bugun abin da ke ƙasa. Shi ya sa katako mai tsayin inci 15 gajeren inji yake so, mai inci 20 kuma dogo. Akwai kuma ɗan allo a jikin jirgi da ke faɗin iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka da nauyin kaya. Da ya tayar, bai sa giya ba sai da ya ga siririn ruwan nan yana tsartuwa ta baya, alamar inji yana shan ruwan da ke sanyaya shi.

Mun isa rugar da la'asar, mun sauke kaya, mun dawo lafiya da wata tsohuwa marar lafiya.

A daren ban yi barci da wuri ba. Abin da ya dame ni ya wuce batun sukuru. Shekaru na yi a makarantar tauhidi, na saba ni ke magana ana saurare, har na manta cewa akwai wuraren da ni ne ƙaramin yaro. Ruwa bai san kwala ko takardar shaida ba. Yaron ya san abin da ban sani ba, ya nemi ya duba, na hana shi domin kada a ga an gyara wa fasto aiki a gaban jama'a. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa. Da injin ya tafi, da me zan faɗa wa mai shi? Da jirgin ya kife, da me zan faɗa wa uwar yaron?

Tunda a gaban mutane na yi masa ba'a, a gaban mutane na nemi gafararsa, ranar Lahadi bayan sujada. Ya ce, "Ba komai, Baba," yana kallon ƙasa.

Ku matasa, akwai abin da nake so ku ɗauka daga wurinsa. Bai yi mini rashin kunya ba, bai kuma yi fushi ya zuba ido ya ce in gani a ƙwaryar cin tuwona ba. Ya yi abin da ke hannunsa, ya shanye dariyar da aka yi masa. Duk da haka na ce masa, nan gaba in rai ne a tsakani, ya sake faɗa, ya faɗa har sau uku, ko wane ne a gabansa. Mu manya kuma, in yaro ya ce bari ya duba, mu matsa gefe.

Na roƙe shi igiyar ya bar mini, ya ce a'a, tana da aiki. Gaskiyarsa. Ubangiji ya kiyaye shigarku da fitarku, a tudu da cikin ruwa. Amin.