Zuwa Ga Ƙanena a Yerimaram, Potiskum

Ƙanena,

Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Labarin sallamarku daga aiki ya iso ni. Da muka yi waya ka ce min "ba komai, Yaya", amma na san zurfin cikinka tun kana ƙarami. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ka karanta a tsanake.

Da farko, cire wa ranka cewa gazawarka ce ta jawo. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje a Janairun 2025, har ta kai ga rufe hukumar USAID, ƙungiyoyin agaji irin taku a Borno da Yobe da Adamawa suke ta rage ma'aikata. Daga nesa guguwar ta taso, kuma ba kai kaɗai ta taɓa ba. Saboda haka kada ka yi lissafi da cewa za a sake kiran ku wata mai zuwa. In an kira, alhamdulillahi. Kafin nan, ka tsara gidanka kamar ba za a kira ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Unguwa ta saba da kai a matsayin mai albashi. Kai ke biyan kuɗin shayi a majalisa, kai ake fara tunawa in suna ko biki ya taso, Juma'a ba ta wuce ka ba tare da shadda mai guga ba. In ka ce sai ka riƙe wannan girman don kada a ce ka sauko, kuɗin sallamar nan ba zai kai ka ko'ina ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zaunar da maiɗakinka ka faɗa mata adadin abin da ya rage, naira da kobo. Ita ke riƙe da tukunya, ta fi ka sanin inda mai da magi suke zurarewa. 'Yan'uwan da ka saba tura wa wani abu ƙarshen wata kuma, ka gaya musu gaskiya da bakinka. Mai ƙaunarka addu'a zai yi maka.

Sannan ka sayi ɗan littafi, ku riƙa rubuta duk abin da ya fita, ko na cingam ɗin yara ne. Bayan mako biyu ku duba tare. Za ka tarar ƙananan abubuwa ne suka fi cin kuɗin: data, tsiren dare, lemon kwalba, kuɗin Keke Napep zuwa inda ƙafa za ta iya kai ka. Abin da ke hannunka kuma ka kasa shi uku. Kashi na farko na abinci da magani da haya. Na biyu na makarantar yara. Na uku jari ne, ba a taɓa shi ko da baƙo ya sauka.

A kan abinci, Allah ya yi muku gata. Da kaka, gero da dawa da wake suna shigowa Potiskum daga ƙauyukan Fika da Nangere da Fune kafin su iso mu nan Kano da kuɗin mota a kansu. Ka daina awon mudu-mudu a shagon unguwa, musamman na bashi, domin littafin mai shago ba ya mantuwa. Ka sayi buhu, don ci, ba don ɓoyewa a jira tsada ba. Waken a zuba shi a jarka a toshe bakin sosai yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari ba za su yi masa komai ba. Shinkafa da taliya su koma na wasu ranaku. Tuwo da miyar kuka da kunun safe su suka raine mu.

Motar nan ka jingine ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi tashin da har ta taɓa haura 1,000. Mota a hannun wanda ba ya da albashi kullum neman abinci take: yau mai, gobe taya, jibi bakanike. In wata uku suka wuce ba wani aiki, ka sayar da ita tun tana da daraja. Janareta ma haka. Fitila mai caji da hasken rana da gidan sauro a tsakar gida sun ishe ku, ko a zafin Afrilu.

Karatun yara kuwa kada ya tsaya. Ka je wurin shugaban makarantar tun kafin a koro su, ka nemi a bar ka ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. In abin ya gagara, mayar da su makarantar gwamnati ba abin kunya ba ne. Yanzu kana da lokacin da za ka zauna da su bayan magariba ka duba littattafansu.

Akwai haƙƙinka da nake so ka bi. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa. Ka adana takardar sallamarka da kyau. Ka nemi kamfanin da ke kula da fanshonka ya ba ka bayanin asusun, ka tabbatar an zuba duk abin da aka riƙa cirewa daga albashinka. In kuɗin ya fito, kashin jari zai shiga, ba tukunya ba.

Ina roƙonka ka yi nesa da manhajojin bashi na waya. Ban da ruwan da suke ɗorawa, in ka makara sai su bi lambobin wayarka suna tozarta ka. Haka masu cewa ka kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu. Da irin wannan alkawarin MMM ta kwashe kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Cacar ƙwallo ma 'yar'uwarsu ce. In adashi za ka shiga, ya zama da mutanen da ka san ƙofar gidansu, kuma zubin da za ka iya.

Kada ka zauna a gida kana ta aika takardun neman aiki kawai. Ranar Laraba ka shiga kasuwar shanu da idon mai neman sana'a. Dubi yawan dabbobin da ake lodawa a tireloli zuwa kudu, da kuɗin da ke sauya hannu tsakanin fatake da dillalai da masu motoci. Da yawansu suna buƙatar amintaccen mutum da zai riƙe musu lissafi, kai kuwa shekarun da ka yi a ofis abin da ka ƙware a kai ke nan. Ka fara da duk abin da ya samu na halal, ko da ladan bai taka kara ya karya ba.

Daga wannan watan, kuɗin maganin Inna ya dawo wuyana gaba ɗaya, kuma ba na son musu a kai. In kun yi mako biyu da littafin, ka kira ni mu duba shi tare. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Ka gaida Inna da maiɗakinka, ka shafa min kan yara.

Wassalam,
Yayanka.