Inda Ake Sayen Ƙasa a Kwalba

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ɗakin gwajin da nake aiki a nan Amurka wata 'yar kwalba ce mai giram 50 na ƙasa. Ƙasa dai irin wadda muke takawa! An ɗebo ta daga jihar Montana, hukumar NIST ta niƙe ta, ta sa mata lamba 2711a, tana sayarwa ɗaruruwan daloli. Da na ji kuɗin sai da na yi salati. Sirrinta shi ne an riga an san dalmar cikinta, kusan miligiram 1,400 a kowane kilo. Duk ranar awo sai an haɗa da ita, in kuwa na'urar ICP-MS ta kawo wani adadi daban, aikin ranar ya bi ruwa.

Mu a gida ka dafa ƙasar a asid, ka kai wa na'urar AAS, ka yi ta addu'ar kada a ɗauke wuta. Ba raini nake yi ba. Tun 2004 muke da na'urar nukiliya ta bincike a Zariya, mai auna ƙarafa ba sai an narkar da samfur ba, kuma ma'aikatanmu sun fi na nan iya lallaɓa tsohon inji. Amma da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ƙwararrun waje ne suka riƙa bi gida-gida a Dareta da Bagega da na'urar XRF ta hannu. Wannan kam yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin haushi, rabin tsaftar nan ba ta buƙatar dala. Shanya ƙasa a ɗaki, a rufe, don ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta ɓata lissafi. Tankaɗe da rariyar roba mai ido milimita 2, domin ta tagulla tana ƙara wa samfur jan ƙarfe da tutiya. Kwalabe su kwana a asid ɗin naitirik. Dafa kwalba guda babu ƙasa a ciki, ka ga dattin da asid ɗinka ya zo da shi. Dutse kuma kashi uku na haidirokulorik da ɗaya na naitirik ba sa narkar da shi duka, sai asid ɗin HF, wanda ke ratsa fata ya kai ƙashi, saboda haka kada ɗalibi ya taɓa shi shi kaɗai.

Kwalbar Montana ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, na yarda. To malamanmu na jami'o'i, ku ɗebi buhun ƙasar Anka ta can Zamfara, ku niƙe ku gauraya sosai, ku aika wa ɗakunan gwaji daban-daban su auna, mu ma mu samu namu ma'aunin.