Waƙar Da Ta Canja Murya A Hanya

Wannan makon layi ya zo kanmu, mu 'yan Illela, kuma maganar da muka kawo ta fiyano ce. Kada wani ya ce mun ɓata hanya, ku dai biyo mu.

Mu nan 'yan tsiraru ne masu rubuta waƙa, kuma fiyano ɗaya gare mu, tsohuwa, ta wani ɗan uwanmu da ke kiɗan biki. Da ita yake ci da iyalinsa. Aikinsa rabi a Illela, rabi a Birnin Ƙonni, don tafiyar 'yan mintoci ce a babur, kuma dangi ɗaya ne ke aurar da juna ta kowane ɓangare. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris ɗin 2024, shi ya san abin da ya rasa. Saboda haka idan fiyanon nan ta yi gardama ranar biki, maganar abincin gida ce, da kuma sunan mutum a gari biyu.

Yadda muke aiki shi ne mu rubuta baitoci, mu rera a waya, mu tura wa mai haɗa kiɗa a Kano ko Sakkwato. Shi kuma ya turo mana kiɗan a fayil ɗin MIDI, a zuba a filash, a soka wa fiyano. Dalilin da ya sa ba ma karɓar sauti gamamme shi ne a biki ana buƙatar a rage gudu, a ɗaga murya ko a sauke ta daidai da maƙogwaron mawaƙi, a maimaita amshi har sai masu liƙi sun gaji. MIDI ne ke ba da wannan dama.

Abin da da yawa ba su sani ba, babu sauti ko ɗaya a cikin fayil ɗin. Rubutu ne zalla. Umarni ne: danna maɓalli mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, a lokaci kaza, sannan ka saki. Shi ya sa waƙar minti biyar ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba. An fito da tsarin ne a 1983, bayan Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan sun matsa a kan kayan kiɗan kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. A 1991 aka ƙara yarjejeniyar General MIDI: muryoyin kayan kiɗa 128, kowanne da lambarsa, a kan layuka 16, kuma layi na 10 na ganguna ne.

To a nan rigima take. Akwai waƙar wata amarya da aka turo mana ana saura kwana biyu biki. A wayar mai haɗawa ta fito tsaf. A fiyanonmu kuwa, maimakon ganga sai ƙwal-ƙwal ɗin fiyano marar kan gado, kamar yaro na wasa da maɓallai. Mai fiyano ya riƙe kai. Wani dattijo mai gyaran rediyo da ke kusa ya leƙo ya ce, "Kai ɗana, wanga kiɗi na aljannu na ko na mutane?" Da aka buɗe fayil ɗin a kwamfuta, sai ga ganguna zaune a layi na 11. Na'urar mai haɗawa ta san yadda za ta mai da wannan layi na ganguna, tamu ba ta sani ba, sai ta karanta kowane bugu a matsayin maɓallin fiyano. Aka mai da su layi na 10, kiɗa ya miƙe.

Wata rana kuma fiyano ta ƙi ma nuna sunan waƙar. Wannan yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai filash ɗin ba a tsara shi a FAT32 ba, ko fayil ɗin nau'i na 1 ne, mai kowane kayan kiɗa a sahunsa, alhali wasu tsofaffin fiyano nau'i na 0 kaɗai suke karantawa, wanda ke cure komai wuri ɗaya. Juyawar ba ta ɗaukar minti biyu. Akwai kuma sautin da ke maƙalewa yana ta kuka bayan waƙa ta wuce, don umarnin "saki" ya ɓace a hanya, galibi saboda igiyar haɗi mai arha. Wannan a kashe a kunna, a kuma canja igiya.

Wadda ta fi ba mu dariya ita ce ta ɗaga murya. Mawaƙi ya ce kiɗa ya yi masa ƙasa, sai mai kwamfuta ya ɗaga duk layukan da mataki biyu, har da na 10. Amma a layin ganguna lamba ba tsayin murya take nufi ba, sunan ganga take nufi. Lamba 36 babbar ganga ce, 38 ƙaramar mai kaifi. Ka ƙara biyu, babba ta koma ƙarama, sauran ma kowacce ta shiga rigar wata.

Duk waɗannan suna da magani. Wadda ba ta da cikakken magani ita ce ta kalangu. Ku duba muryoyin nan 128: akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu kotso irin na Narambaɗa, babu goge, babu gurmi. Tun da kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Kano a ƙarshen shekarun 1990, da na'urorin Yamaha samfurin PSR, dabara ake yi. A ari shanai a ce algaita ce, a ɗauki wata ganga a riƙa lanƙwasa muryarta da ɗan gargaren da ke gefen hagu don ta yi kamar an matse tsarkiyar kalangu. Shi kuwa wannan lanƙwasawa, in ba a faɗa wa fiyano iyakarsa ba, mataki biyu kawai take ɗauka. Mai haɗawa ya saita nasa a 12, umarnin bai shigo farkon fayil ba, sai kalangun ya iso Illela da sanƙararren wuya. Bugun yana nan daidai, amma ya daina magana. Kalangu kuwa magana yake yi, hawa da saukar muryar Hausa yake bi, shi ya sa mahauci ke jin takensa daga nesa ya san da shi ake.

A ganinmu wannan ita ce matsalar da kowannenmu ke fama da ita a wannan zaure. Rubutun boko ma umarni ne, muryar tana bakin mai karatu. Ba ma rubuta karin sauti, ba ma rubuta tsawon wasali. Ka rubuta "gari", mai karatu ne zai zaɓa ko na zama ne ko na tuwo. Ka rubuta "kuka", shi zai raba na hawaye da na miya. Ga kuma masu lanƙwasa: ka cire ƙugiyar "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Wata tsohuwar wayar ma akwati take nunawa a gurbin harafin. Mu da ke bakin iyaka muna da ƙari, don 'yan uwanmu na Ƙonni a makaranta ƴ aka koya musu, mu kuma 'y, ga waɗanda hannunsu ya saba da rubutun Faransanci suna sa "ou" inda muke sa "u".

Mun ga baitin da muka auna da Sakkwatanci, ya zauna daram, mawaƙin Kano ya karanta da nasa harshen, gaɓa ɗaya ta ƙaru, kari ya karye. Ba laifinsa ba ne, abin da ke takarda ya bi. Wasu a nan suna cewa a rubuta komai da daidaitacciyar Hausa a huta. Mu ba mu yarda da wannan gaba ɗaya ba. Daidaitacciyar Hausa kamar muryoyin nan 128 take, tana kai saƙo ko'ina, kuma muna amfani da ita kullum, amma akwai abin da babu lambarsa a cikinta. In tsohuwa a labarinka "tahi" take cewa, ka bar mata abinta, sai dai ka gina jimlar yadda Bakano ko Bazazzagi zai gane ba tare da ya tsaya ba.

Yanzu duk wanda zai turo mana kiɗa, sharuɗɗanmu uku ne: nau'i na 0, ganguna a layi na 10, sannan ya haɗo da sautin yadda waƙar ke fita a na'urarsa don mu gwada da kunne. Mu ma in za mu tura baiti, da muryarmu muke haɗawa. Kalangu kuwa mun daina nemansa a cikin fiyano. In mai biki zai iya biya, sai a kashe wannan layin, a ɗauko makaɗi na gaske ya tsaya gefen mai fiyano, a raba kuɗin liƙi da shi.