Har Yanzu Kina Gida?

Tambayar da mata ke yi mini ke nan duk gidan sunan da na shiga a Ƙofar Kaura, kamar mai renon ɗan shekara 2 hutu take yi. Nakan yi murmushi kawai, domin hirar manya ta fara kuɓuce mini. Bakina ya saba da "sauko" da "ajiye".

Abin da ya fi nauyi shi ne gaban surukai. Yaron ɗan fari ne, kunya ta hana in kula shi, shi kuwa ya tsoma hannu a miyar taushen Hajiya surukata, ya goge a mayafin baƙuwa. A cikin Keke Napep ma ya taɓa tambayar wani dattijo, "Baba, ina haƙoranka?" Dattijon ya yi dariya, ni na rasa inda zan sa fuskata.

Eh, ina gida. Aiki ne, albashi kawai babu.