Abin da zangon Kumasi ya koya mini

Samari kan zo zaurena su tambaye ni ko su fita waje neman arziki. Ba na hana kowa. Tafiya gadonmu ce. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja har kasuwar Salaga tun kafin Bature ya zo ya shata iyakoki, kuma zangunan da suka kafa a Kumasi da Akara har gobe da Hausa ake ciniki a cikinsu. Ni ma a Kumasi na yi ƙuruciya, a hannun kawuna.

Goro muke yi. A tsince shi, a ware fari da ja, a fid da mai tsutsa, a jera cikin ganye a ɗaure huhu, ana yayyafa ruwa kada ya bushe kafin ya kai Ikko. Kuɗi na shigowa sosai. Kawu ya gina gida a Aboabo, ya yi aure, ya hayayyafa. Takardar izinin zama kuwa bai taɓa nema ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da doka: duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Ghana cikin mako biyu. Bashi ya yi wa ƙasar katutu, aiki ya yi ƙaranci, sai aka waiwayo kan baƙi. Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, duk ta shafe mu. Na ga tela ya sayar da keken ɗinkinsa a kuɗin da bai kai na mota ba. A iyakar Aflao na ga tsohuwa zaune kan ƙunshin kayanta tana kuka, a zango aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba, an ce ta koma gida. Wane gida?

Da muka iso gida, nan aka ga bambanci. Wanda ya saba aiko da saƙo, ya sayi 'yar gona, yana zuwa gaisuwar mutuwa da biki, ya tarar da ɗaki a share. Kawu shekara da shekaru bai leƙo ba. Dangi sun karɓe shi, Allah ya saka musu, amma har ya rasu bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ma mun yi. A Janairun 1983, da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda, mutanen Ghana kaɗai kusan miliyan ɗaya. Jakar nan da suka zuba kayansu har yau sunan korar take ɗauke da shi, muna saye a kasuwa ba mu ko tunawa. Tun lokacin na daina cewa mutanen wata ƙasa ne mugaye. Ko'ina ne, in abinci ya yi kaɗan, baƙo ake fara kallo.

Yanzu kuma hanyar ta fi tamu haɗari. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Ga 'ya'yanmu mata a Jidda ba igama, suna aikatau a ɓoye, ba su da wanda za su kai wa kuka.

Saboda haka, ɗana, in ka ƙudura tafiya, je ka, Allah ya kiyaye hanya. Amma ka shiga ta ƙofa, fasfo da biza a hannunka, kada ka bar su wurin dillali ko maigida. Ka tafi da sana'a. Kuɗin farko da ka tara, ka turo a saya maka fili a garinku da sunanka. Kuma ka riƙa kawo 'ya'yanka su san kakanninsu tun ana raye.